Birkin Gwaggo

To jama'a, ku gyara zama, yau ni da kaina zan tona wa kaina asiri. Masu rubuto min cewa wai na cika ja wa samari aji, ku karanta wannan tukuna kafin ku yanke min hukunci.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, ni ce auta a gidanmu. Mu huɗu ne, duk mata, uku suna ɗakunansu, saura ni. Shekarata ashirin da shida, wanda a lissafin Mama ya kai arba'in. Ina aiki a shagon buga takardu, kuma wata biyar ke nan ina tare da wani ma'aikacin jinya da yayyena suka laƙaba wa Ɗan Tsafta, saboda ko hannun ƙofa ya taɓa sai ya zaro 'yar kwalba a aljihu ya goge tafinsa. Ina son sa. Na faɗa da wuri don kada a ga ina ba'a a ɗauka wasa nake.

Abin da ban taɓa gaya muku ba, shi ma kuma ban gaya masa ba, shi ne na iya gyaran mota. Ba irin iyawar duba mai da ruwa ba. In kun ba ni yini guda zan sauke muku giyar mota in mayar.

Laifin Baba ne. Direba ne da ya ajiye aiki, yana da wata tsohuwar bas ruwan madara wadda ta girmi Yaya Babba da shekara shida. Gwaggo muke ce mata, don da safe ba ta tashi sai an lallashe ta, in ta tashi kuma sai ta yi mita har bakin titi. Da Allah bai ba Baba ɗa namiji ba, sai ya miƙa min sifana ina da shekara bakwai. Yayyena suna ɗaki suna koyon kwalliya, ni ina kwance a kan kwali a ƙarƙashin Gwaggo ina haska masa tocila.

A wajen Mama, wannan iyawar ce ta kore min samari biyu. Na farkon, na ce masa a gaban abokansa belin injinsa ya kusa tsinkewa. Ya tsinke masa a hanyar komawa, kuma har yau bai yafe min da na yi gaskiya ba. Na biyun farcena kawai ya kalla, ya ce zai je ya dawo. Shi ya sa ranar da Ɗan Tsafta ya fara sallama a ƙofarmu, Mama ta ja ni uwar ɗaka ta tura ƙofa.

"Ki saurare ni da kyau, Auta. Wannan yaron ko ƙuda ba ya sauka a rigarsa. Daga yau ba ki san mota ba. In ya tambaye ki taya nawa gare ta, ki ce sai kin ƙirga."

"Mama, ai ƙarya ce."

"Ba ƙarya ba ce, kunya ce. In an ɗaura, ki kwance masa injin a tsakar ɗaki in kin ga dama."

Na yi alkawari, kuma na riƙe shi. Kullum da yamma ina jiƙa yatsuna a ruwan ɗumi da lemon tsami. Wata biyar ina shiga 'yar motarsa ina jin boris ɗin tayar gaba, wato ƙarfen da taya ke juyawa a kansa, yana kuka kamar jariri, ni kuwa sai in ce, "Kai, motarka akwai daɗin tafiya." Allah Ya yafe min.

Sai dai Baba ma yana da tasa dokar. Duk wanda ya zo neman 'yarsa, sai ya yi Asabar guda tare da Gwaggo kafin a yi maganar manya. Mijin Yaya Babba tura ta ya yi daga gidan mai har gida. Mijin ta biyu ya canja taya huɗu a tsakar rana. Mijin ta uku wanke ta kawai ya yi, shi ya sa har yanzu Baba ke masa kallon wanda ya shigo ta taga.

Ɗan Tsafta kuwa ya faɗo a kan babban aiki. Gidanmu a kan tudu yake, layin ya gangara tiryan-tiryan har mahaɗar titi inda masu 'ya'yan itace ke kasa kaya. Watan jiya Baba ya taka birki a gangaren, Gwaggo ta yi kunnen uwar shegu, sai da ta sumbaci teburin mai kankana sannan ta tsaya. Ba wanda ya ji ciwo sai kankana goma sha ɗaya. Mama ta ce a sayar da ita ga masu awon ƙarfe. Baba ya fita, ya dawo da kwali biyu. Ya ce tsohon birkin gaba mai ganga ya gama zamaninsa, za a sa mata na zamani mai faifai. Shi kuma bayansa ya hana shi sunkuyawa, idonsa ma ba ya ganin ƙananan abubuwa sosai. A da ni zan yi aikin cikin awa biyu. Yanzu kuwa ban san mota ba.

Ranar Alhamis saƙon Ɗan Tsafta ya shigo.

"Gimbiya, Baba ya ce in zo Asabar mu gyara birki."

"Ka iya kuwa?"

"Na kalli bidiyo tara. Abu ne mai sauƙi, kamar sa wa mutum ruwa ne. Kada ki damu kanki da waɗannan abubuwan, ke dai ki yi min addu'a."

Na daɗe ina kallon wayar. Na rubuta, "Ka tabbata ka sa waigi a tayar baya," na goge. Na tura masa hoton zuciya.

Asabar tun ƙarfe takwas Mama ta shirya ni kamar za a kai ni gasar kyau. Doguwar riga ruwan hoda mai duwatsu a wuya da bakin hannu, wadda aka ɗinka min don bikin ƙawata ban sa ba. Mayafi fari sol. Takalmi mai tsini, a tsakar gidan da duk tabon baƙin mai ne. Ta fesa min turare har sai da na yi atishawa uku, sannan ta kama hannuwana ta duba farce ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsintar shinkafa.

"Aikinki shayi da murmushi," in ji ta. "Ina nan bakin taga."

Ƙarfe tara daidai ya iso. Jama'a, da kun gan shi. Sabuwar rigar makanikai shuɗiya, har da layin ninki a jikinta. Safar hannu irin ta asibiti, da takunkumi a fuska. Ya durƙusa ya gaida Baba, sannan ya shimfiɗa farin ƙyalle a ƙasa ya jera sifanu daga ƙarami zuwa babba. Baba na zaune a kujerar roba a inuwar garejin, ya bi ƙyallen da kallo.

"Likita, haihuwa za ta yi ne?"

"Baba, ai nas ne ni, ba likita ba."

"To Likita, bismilla."

Gaskiya ba zan ci haƙƙinsa ba, ya yi ƙoƙari. Baba na faɗa daga kujera, shi yana yi. Ya ɗaga motar, ya ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe, ya cire tayoyin gaba. Gangar dama ta ƙi fita, ya yi ta lallashinta da ɗan guduma kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar surukai, har Baba ya ce, "Buge ta, ba ta da dangi." Safarsa ta yage sau huɗu, sau huɗu yana canja sabuwa. Wajen sha ɗaya ya ɗaura faifan biyu. Ina bakin ƙofar kicin a kan benci, na harɗe hannuwa don kada su tashi da kansu, zuciyata kuwa fal alfahari.

Da na kawo shayi zagaye na biyu ne na gani.

Bari in yi muku bayani a gajarce, don na san yawancinku irin yayyena ne. A kan kowane faifai akwai wani ƙarfe da ke matse shi in an taka birki, kalifa ake ce masa. Biyu ne, na dama da na hagu, kuma kowanne zai zauna daram a gurbin ɗan'uwansa ba tare da gardama ba. Abu ɗaya ke bambanta su, wani ɗan noti mai rami da ake kwancewa a fitar da iskar da ta shiga cikin man birki. Dole wannan notin ya kalli sama. In ya kalli ƙasa, ko shekara za a yi ana fama iskar ba za ta fita ba, birki kuma ba zai kama ba.

Na sunkuya zan ajiye tire, idona ya faɗa bayan faifan. Notin yana ƙasa. Na zaga ɗaya gefen kamar mai neman inda zan sa sukari. Shi ma yana ƙasa.

"Kin ga aiki ko?" Ya sauke takunkumi yana murmushi, gumi na ɗiga daga haɓarsa. "Da farko na rikice, ba alama a jikinsu. Sai na yi tunani, ai ruwa ƙasa yake gangarawa. Duk tankin da kika gani, famfonsa a ƙasa yake."

"Kai, ka iya tunani," na ce.

Na ji muryata kamar ta wata. Baba daga inda yake ba ya hango bayan faifan. Na waiwaya, Mama na bakin taga tana tankaɗe, idonta a kaina.

Na shige banɗaki na tura wa Yaya Babba saƙo.

"Yaya, ya juya kalifa."

"Mece ce kalifa?"

"Abin birki. Ya sa na dama a hagu."

"To ki bar shi a juye mana. Ni shekara tara mijina na rataye labule a juye, kin ji na mutu?"

"Labule ba ya gangarawa titi, Yaya."

"Auta, ki rufa mana asiri. Na riga na zaɓi kalar da za mu sa."

Fitar da iska daga birki aikin mutum biyu ne. Ɗaya yana kan kujerar direba yana taka feda, ɗaya yana ƙasa yana kwance noti yana ɗaurewa. Baba ya ce gwiwarsa ba za ta iya ba, a kira Auta ta taka. Mama ta leƙo ta taga ta ce, "Takawa kawai," da wata irin murya da ni kaɗai na san fassararta.

Na tattare rigata na hau. Kujerar da na koyi tuƙi a kanta ina da shekara sha huɗu, har ramin zamana yana nan a soson.

"Wanne ne birkin?" na tambaya.

Baba ya yi tari ya kau da kai.

"Na tsakiya, Gimbiya," in ji Ɗan Tsafta daga ƙasa. "Kada ki ji tsoro, ba zai yi miki komai ba. In na ce taka, ki taka sau uku. In na ce riƙe, ki danne kada ki saki."

"To."

"Taka. Taka. Taka. Riƙe." Sai in ji tsiit, mai ya zuba a kwalba. "Saki."

Haka muka yi ta yi. Taka, riƙe, saki. Fedar tana nutsewa har ƙasa kamar na taka burodi. Aka ƙara mai a tanki, aka sake. Rana ta take, inuwar garejin ta janye ta bar ƙafafunsa a fili. Aka tsaya aka yi azahar aka dawo. Kwalbar mai ta farko ta ƙare, aka fasa ta biyu. Ƙafata ta dama ta fara rawa a cikin takalmi mai tsini, shi kuwa muryarsa tana ta ƙanƙancewa, har "taka" ɗin ya koma kamar roƙo.

Na gwada dabara. Na leƙo ta taga na ce da muryar shagwaɓa, "Wai wannan ɗan notin, ba ya gajiya da kallon ƙasa?"

Mama ta saki murfin tukunya a kicin, ƙarar ta cika gidan.

"Haka aka yi shi, Gimbiya," ya ce. "Taka."

Tausayinsa ya kama ni har na ji ƙwalla. Mutumin nan bai taɓa riƙe sifana ba sai yau, ya ɓata hutunsa, ya kwanta a ƙasa, duk don ni. Ni kuma ina zaune a sama da amsar a bakina, ina taka masa iska.

Wajen ƙarfe uku, in an buga fedar sau biyar da sauri takan ɗan yi tauri, in an jira kaɗan ta sake nutsewa. Ya fito daga ƙasa, rigar nan ta koma kalar ƙasa, ya tsaya gaban Baba yana murza hannu.

"Baba, ina ganin ya fara kamawa. A bidiyon ma sun ce sabo ba ya kamawa nan take."

Baba ya dube shi, ya dubi rana. "To, mayar da tayoyin. Ka wahala, Likita. Sauran a hanya zai kama."

Na zuba wa Baba ido. Mutumin da ya koya min cewa birki ba ya gyaruwa a hanya, shi ne yau yake faɗin haka don kada baƙo ya ji kunya. Aka mayar da tayoyi, aka sauke mota. Na sauko, Baba ya zaro makulli daga aljihu, ya dafa ƙofa ya hau da ƙyar.

"Buɗe min get, Auta. In gangara mahaɗa in dawo."

Na tafi get ɗin. Na zare sakata, na tura ɓangare ɗaya. Daga nan ana hango gangaren gaba ɗaya. Yammacin Asabar ne, mahaɗar cike take, mata da jakunkunan cefane, mai kankana ya yi sabon tebur. Na tsaya riƙe da ƙarfen get. In na yi magana, na karya alkawarin Mama, na kunyata shi a gaban Baba, ya kuma gane wata biyar ina masa wasan kwaikwayo. In na yi shiru, Baba ne a cikin motar.

Da na faɗa wa kaina haka, sai na ga ashe ba wani zaɓi a ciki. Na mayar da get na sa sakata.

"Baba, sauko."

"Auta," in ji Mama daga taga.

"Mama, ki yi haƙuri. Baba, ba inda motar nan za ta. Kalifa a juye suke, duka biyun."

Ɗan Tsafta ya kalle ni kamar kujera ce ta yi magana.

"Gimbiya, me kika ce?"

Na cire takalman na ajiye a kan benci, na naɗe mayafin na ɗaure a ƙugu, na ja kwalin na kwanta da rigata ruwan hoda na shige ƙarƙashin Gwaggo. Na ji wani salati ya fito daga taga.

"Miƙo min tocila. Sunkuyo ka gani."

Ya durƙusa ya leƙo. Na haska masa notin.

"In ka zuƙo magani a sirinji, iska ta shiga, ina kake juya allurar kafin ka fitar da ita?"

"Sama," ya ce.

"Don me?"

"Don iska sama take ta..." Bai ƙarasa ba. Na ga maganar ta isa inda za ta. Ya cire takunkumin gaba ɗaya ya zauna daɓas a ƙasa.

"Ba mai muke son fitarwa ba, iska ce," na ce a hankali. "Tunaninka daidai ne, tankin ne ba irin wancan ba. Kawo jak."

Ya kawo. Daga nan ban sake tuna akwai wani abu wai shi kunya ba. Hannuwana kamar an sake su daga kurkuku. Muka ɗaga mota, na kwance tayoyi, na ce sifana mai lamba sha huɗu, ya miƙo sha biyu, na ce sha huɗu na ce, ya canja da sauri. Na cire tiyo, man birki ya tsiyayo ta hannun rigata ya bi duwatsun nan ɗaya bayan ɗaya. Na mayar da na dama dama, na hagu hagu. Minti arba'in, har da goge faifan da ya sha tabon safar hannu.

"Hau ka taka," na ce masa.

Ya hau.

"Na tsakiya," in ji Baba daga kujerarsa. "Kada ka ji tsoro, ba zai yi maka komai ba."

Na ciji leɓe a ƙarƙashin mota don kada dariya ta ƙwace min. "Taka. Taka. Taka. Riƙe." Na kwance notin, iska ta fito tana tartsatsi, kumfa na bin tiyo zuwa kwalba. "Saki." Sau shida a dama, sau biyar a hagu, na zaga na baya ma na taɓa su. Sai na ji muryarsa daga sama, ƙasa-ƙasa.

"Ya yi tauri. Kamar dutse."

"Haka ake so."

Da aka sauke motar, Baba ya hau ya murza makulli. Ko tari Gwaggo ba ta yi ba. Ya sake murzawa, shiru.

"Au," in ji shi. "Na manta, tun safe na cire kan batir. Auta, mayar min."

Na tsaya da sifana a hannu ina kallonsa. Wato ɗazu da ya ce in buɗe get, ko da na buɗe ba inda za shi. Baba kuwa ya duƙufa yana goge madubi da hannun riga, kamar a duniya ba abin da ya dame shi sai ƙurar madubin nan.

Mu uku muka gangara, Baba na tuƙi, ni a tsakiya, Ɗan Tsafta a bakin ƙofa ya riƙe ƙarfen sama da hannu biyu. Mai kankana na hango mu ya rungumi biyu ya yi gefe. Baba ya taɓa birki, Gwaggo ta tsaya cak, saura taku goma a kai teburin. Baba ya leƙa ya ɗaga masa hannu kamar wanda ya ci zaɓe.

A hanyar dawowa ba wanda ya yi magana. Da muka shiga gida, Ɗan Tsafta ya tattara sifanun Baba ya goge kowanne ya mayar a akwati. Ya ninke farin ƙyallensa da ya zama baƙi. Ya durƙusa ya yi wa Baba sallama, Baba ya ce, "Allah Ya yi albarka, ka yi aiki." Ya gaida Mama ta taga, ta amsa da muryar masu zaman makoki. Na raka shi bakin get ba takalmi, hannuna baƙi har gwiwa. Ya zaro 'yar kwalbarsa, ya kalle ta, ya kalli hannuwana, ya mayar da ita aljihu.

"Tun yaushe kika gani?"

"Tun shayi na biyu."

"Ƙarfe sha ɗaya ke nan." Ya duba agogo. "Awa huɗu."

"Mama ce ta..."

"Sai anjima," ya ce. Bai ce Gimbiya ba.

Ciki kuwa na tarar da Mama zaune a bakin gado, ta rafka tagumi.

"Uku," ta ce, ta ɗaga yatsu. "Uku ke nan. Kuma dubi rigar."

"Mama, da kin fi so Baba ya gangara?"

"Ubanki ya cire batir, ai na gan shi da safe. Ni na ɗauka waya zai yi caji." Ta share ido da bakin zane. "Ku biyun nan ku za ku kashe ni."

Na shiga wanka na yi kukana a can, inda ruwa zai rufa min asiri. Ba kukan nadama ba ne, don ko yanzu aka sake sai na rufe get ɗin. Kukan yadda ya duba agogon nan ne.

Ana kiran magariba waya ta yi ƙara. Na bar ta a kife a kan katifa har na idar da salla, sannan na juya ta da yatsa ɗaya.

"Na isa gida."

Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Na zauna a kan sallaya na rungume gwiwa.

"Ban ji haushi don kin fi ni sani ba. A wurin aiki kullum akwai wanda ya fi ni sani. Abin da ya tsaya min shi ne kina sama kina kallona awa huɗu, kina ce min na iya tunani."

Na fara rubuta haƙuri, wani ya shigo.

"Tun da na fito nake tambayar kaina, wata biyar ɗin nan da wa nake hira?"

Jama'a, na rantse da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Na rubuta layi huɗu na goge, na rubuta biyu na goge. Kafin in sami abin faɗa, na ƙarshen ya shigo.

"Gobe ƙarfe huɗu zan zo. Ba wajen Gimbiya ba, ita ki ce mata na gode, ta huta. Wadda ta ce min sha huɗu na ce, ita nake so in gani. Ban santa ba, kuma ban yi alkawarin komai ba. Amma ina so mu gaisa."

Na karanta sau bakwai. Na kai wa Mama ta karanta sau biyu, ta ce ita ba ta gane ba, kora ce ko kira? Na ce ni ma ban sani ba. Ta miƙe ta buɗe sif ta fara zaro riguna, wai ko shuɗiyar nan mai leshi. Na ce ta bar shi, gobe ni zan zaɓa. Ta juyo ta daɗe tana kallona, sannan ta mayar da rigar ta rufe sif ɗin.

Tun ƙarfe uku da rabi na yau Lahadi nake rubuta muku wannan. Ina sanye da tsohuwar rigata ta zaman gida, baƙin mai bai gama fita daga farcena ba, kuma ban jiƙa su a komai ba. Na sauke giya, na ɗaura birki, amma ban taɓa fuskantar aiki irin na yau ba. Wata biyar na san duk abin da Gimbiya za ta ce kafin ya rufe baki. Ni kuwa ko gaisuwa ban taɓa yi da shi ba, kuma ga ƙarar motarsa nan ta shawo kwanar layinmu.